Yadda ake gane mataccen kafasito a injin ruwa

Ruwan noman rani a Bunkure da Kura da Garun Malam yana gangarowa ne da kansa ta magudanai daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974.

Sai dai a gidaje da lambunan da magudanar ba ta kai ba, akwai masu dogaro da rijiyar burtsatse da injin lantarki. Sau da yawa abin da kan tsayar da irin wannan inji bai wuce girman batirin tocila ba.

Sunansa kafasito, wasu masu gyara kuma kan ce kwandansa. Aikinsa shi ne tara wuta ya sake ta, ta yadda injin da ke aiki da layin wuta guda zai samu ƙarfin soma juyawa. Shi ne dai a cikin fanka.

Idan ya mutu, inji kan yi ta gurnani ba tare da ya juya ba. Fanka kuwa sai an tura ta da hannu, ko ta riƙa juyawa a kasalance. Wani lokaci ido ma ya isa shaida: za a ga ya kumbura, ko ya tsage, ko mai na tsatsowa daga jikinsa. Amma yakan mutu ba wata alama, don haka sai an auna shi da mita.

A nan ne ake tafka asara. Barin inji yana gurnani na ƙona wayoyin cikinsa, gyaran minti goma ya koma sabon naɗi, ga tumatir na jiran ruwa.

Kafin a taɓa shi wajibi ne a cire wuta, mai gyara kuma ya zubar da wadda ta saura, domin kafasito kan riƙe wuta bayan an kashe inji.

Akwai lambobi biyu a jikinsa. Ta maikurofarad, wadda a fankar sama kan kama kusan 2.5, dole ta sabon ta yi daidai da ta tsohon. Ta ƙarfin wuta, galibi 450, tana iya fin ta tsohon amma kada ta gaza.

Kazalika a lura da inda kowace waya take kafin a kwance.