Hukuncin Yi Wa Ƙaramin Yaro Bikin Zagayowar Ranar Haihuwa

Tambaya:

'Yata za ta cika shekara 5, kuma a makarantarsu ana kawo wa yara kek ranar da aka haife su. Ta matsa mini da kuka sai an yi mata, babanta kuma ya ce bidi'a ce. Mene ne hukuncin wannan?

Amsa:

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah.

Malamai sun yi saɓani a kan wannan mas'ala zuwa magana biyu.

Magana ta farko: bai halatta ba. Wannan ita ce fatawar Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin. Hujjarsu ita ce hadisin Anas (RA) da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito, cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna da ranaku biyu na wasa, sai ya gaya musu Allah ya musanya musu da ƙaramar Sallah da babbar Sallah. Suka ce duk bikin da yake maimaituwa kowace shekara idi ne, kuma akwai koyi da waɗanda ba Musulmi ba a cikinsa.

Magana ta biyu: ya halatta, domin al'ada ce ba ibada ba, asalin al'adu kuma halas ne. Wannan ita ce fatawar Darul Ifta ta ƙasar Masar. Sun kafa hujja da hadisin Abu Ƙatada (RA) a Sahihu Muslim, inda aka tambayi Annabi (SAW) game da azumin Litinin, ya ce a ranar aka haife shi. Masu magana ta farko suka amsa da cewa azumi ya yi, bai yi biki ba.

Wanda ya bi masu halattawa, sai ya kiyaye:

1. Kada ya ɗauka ibada ce mai lada na musamman.
2. Ya nisanci almubazzaranci da cin bashi, domin aya ta 31 a Suratul A'araf ta hana ɓarna.
3. Ya nisanci cakuɗuwar maza da mata baligai da waƙoƙin batsa.
4. Kada a koya wa yaro cewa hure kyandir yana cika buri. Wannan camfi ne.
5. Ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa, saboda hadisin Nu'uman bin Bashir (RA) a Bukhari da Muslim.

Ke kuma 'yar'uwa, tunda maigidanki bai yarda ba, kuma maganarsa tana da madogara, kada ki yi a ɓoye. Ki lallashi yarinyar, ki yi mata walima da kyauta ranar da ta haddace wata sura, ki gayyato ƙawayenta. Farin cikin da take nema zai samu, gidanku kuma ya zauna lafiya.

Allah ne mafi sani.