Manyan Bindigogin Harbin Agwagi a Ingila

Mu da muka san maharba na ɗura albarushi ta bakin adaka, mukan ɗauka wannan ilimi namu ne kaɗai. Alhali a gaɓar tekun Ingila an daɗe ana yin irinsa, da bindigar da ta fi ƙarfin kafaɗa. Akan girke ta a ƙaramin kwalekwale, maharbi ya kwanta rub da ciki, ya lallaɓa har ya kusanci garken agwagi, ya saki wuta sau ɗaya. Kanar Peter Hawker, wanda ya wallafa littafinsa na harbi a 1814, yana cikin waɗanda suka yi suna da ita.

Waɗanda ake sabawa a kafaɗa kuwa ana kiransu lamba 4 ko 8, wato yawan dunƙulen dalma masu cika bakin bindigar da za su kai laba ɗaya. Harsashinsu ya yi wuya a kanti, shi ya sa masu su ke haɗawa da hannu: kwanson tagulla ko na takarda, baƙin albarushi a ƙasa, toshiya a kai, sannan ƙwayoyin harbi. Ba sa sakin jiki da albarushin zamani marar hayaƙi, domin ƙarfinsa na iya tsaga tsohon bututu, ga shi hannun maharbi na riƙe da wurin.

Ɓarnar masu farauta don kasuwa ce ta jawo dokar 1918 a Amurka, aka haramta harbin tsuntsaye masu ƙaura da bindigar da ta fi lamba 10 girma. Ingila ta bar su, sai dai dokar 1981 ta ƙayyade faɗin baki kada ya wuce inci 1¾. Tun 1999 kuma an hana harbin agwagi da dalma, sai masu tsofaffin bindigogi suka koma ga bismut, ƙarfe mai taushi wanda ba ya kankare cikin bututu.