Tafiyar Kumbunan Voyager da Harsunan da Suka Ɗauka

Malaman falaki na ƙasar Hausa sun daɗe da sanin Mushtari da Zuhal, sunayen da suka aro daga Larabci, domin ido yana ganin su. Uranus da Neptune kuwa sai da madubin hangen nesa aka gano su, a 1781 da 1846. Wannan maƙala za ta waiwayi yadda kumbuna marasa matuƙi suka isa waɗannan duniyoyi huɗu.

A 1965 wani ɗalibi mai suna Gary Flandro, yana aiki a cibiyar JPL ta Amurka, ya lura cewa a ƙarshen shekarun 1970 duniyoyin za su jeru a ɓangare guda na rana, abin da ba ya aukuwa sai bayan kimanin shekara 175. Idan kumbo ya ratsa kusa da ɗaya, ƙarfin janta zai ƙara masa gudu ya cilla shi ga ta gaba. Ta haka tafiyar Neptune, wadda da za ta ci kusan shekara 30, ta koma 12.

Pioneer 10 ne ya share fage, ya wuce Mushtari a 1973. Aka harba Voyager 2 ranar 20 ga Agusta, 1977, Voyager 1 kuma ranar 5 ga Satumba. A 1979 suka nuna duwatsu masu aman wuta a Io, ɗaya daga watannin Mushtari. Bayan Zuhal, Voyager 2 ya zarce Uranus a 1986, sannan Neptune a 1989, kuma har yau babu kumbon da ya sake zuwa can.

Abin da ya fi shafar masana harshe shi ne faifan da aka ruɓa da zinariya aka maƙala wa kowannensu. Kwamitin Carl Sagan ya sa gaisuwa cikin harsuna 55, har da matattu irin su Sumeriyanci da Akadiyanci. Daga Afirka ta kudu da Sahara an sami Luganda, Ila, Nyanja, Sotho da Nguni, dukkansu 'yan gidan Bantu. Babu Hausa, babu Yarabanci, babu Igbo, ko Suwahili ma babu. Muryar Nijeriya ta shiga ne ta wata ƙofa, cikin saƙonnin wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya, inda wakilinta ya yi magana da harshen Efik.

A ganina ba raini ya jawo haka ba, ƙurewar lokaci ce. Duniyoyin ba za su jira kowa ba, kwamitin kuma 'yan makonni aka ba shi, sai ya nemi masu magana a Jami'ar Cornell da kewayenta. Wanda aka samu, harshensa ya tafi. Voyager 1 ya fice daga yankin iskar rana a 2012, ɗan'uwansa ya bi shi a 2018, kowanne da faifansa.