Asalin Manhajar Photoshop

A shekarar 1987 Thomas Knoll, ɗalibi a Jami'ar Michigan ta Amurka, ya rubuta wata ƙaramar manhaja domin nuna hotuna marasa launi a kwamfutar Macintosh. Ɗan'uwansa John, ma'aikacin kamfanin haɗa dabarun fim, shi ya ba shi shawarar faɗaɗa ta. Kamfanin Adobe ya fitar da ita a 1990 da sunan Photoshop.

Kafin nan, galibi gyaran hoto aikin ɗakin duhu ne, da sinadarai da ɗan siririn burushi. Babban sauyi ya zo a 1994, lokacin da Photoshop ta fara raba hoto falle-falle, ta yadda mai gyara zai goge kuskure ba tare da ɓata sauran ba. Tun 2013 kuwa, kuɗin haya ake biya kafin amfani da sababbin fitowarta.