Yadda Sabara Ta Dawo Gonakin Maraɗi

Duk wanda muka yi zamani da shi a makaranta zai tuna safiyar Asabar, lokacin da ake raba mana adduna da magirbai a tura mu sassabe a gonar makaranta. Wanda ya yi laifi kuwa, sai a nuna masa gindin sabara a ce ya tono ta har saiwa. Ni kaina na tono ba ɗaya ba, ba biyu ba. A wancan lokaci abin da muka sani shi ne, gonar kirki ita ce wadda aka share ta fes, babu ko tsinke. To, malamanmu su yi mini afuwa, domin tarihin maƙwabtanmu na Maraɗi ya nuna cewa itaciyar da muka sha wahalar kashewa ita ce ta taimaka wajen ceto gonakinsu.

Asalin matsalar ya faro tun zamanin mulkin Faransa. A 1935 Turawa suka kafa dokar gandun daji wadda ta sa itatuwa a hannun hukuma, kuma dokar da Nijar ta yi a 1974 ta bi sawunta. Manomi na iya shan tara don ya sare reshen gawo a cikin gonarsa ta gado. Saboda haka mutane suka ga gara su kashe tsiro tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masu ma'aikatan daji. Ga noman gyaɗa da ya cinye dazuzzuka, ga jama'a na ƙaruwa, kowane gida na neman itacen girki. Da farin 1973 ya zo, sabara da kalgo da geza suka zama kututture a wurare da yawa, iska na kwasar rairayi tana binne shukar gero, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya.

Maganin da hukuma da ƙungiyoyin agaji suka fara kawowa shi ne dashen itatuwa irin su darbejiya da turare. An kashe kuɗi masu yawa, amma akasarin dashen bai rayu ba, saboda rana da awaki da gara.

A 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan a Maraɗi, ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi. Nan ya lura da wani ɗan tsiro a bakin hanya, ya duba ganyensa, ya gane cewa toho ne daga kututturen itaciyar da aka sare. Wato saiwar na nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, sassaben kowace shekara ne ke hana ta tashi. Dabarar da ta fito daga nan, wadda mutanen Nijar ke kira sassaben zamani, ba ta bukatar reno ko ban ruwa. Manomi zai zaɓi kututturen da yake so, ya bar masa rassa mafi ƙarfi daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran, ya datse ƙananan rassan gefe zuwa rabin tsawo da adda mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Bayan 'yan watanni ya dawo ya sake gyarawa.

Da farko manoma kaɗan ne suka yarda, ana yi masu dariya. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, amma da agaji ya ƙare, sai mafi yawan mutane suka sare nasu. Waɗanda suka bari ne suka ga amfani: itacen girki a kusa, ganye da 'ya'yan kalgo ga dabbobi, da gero mai kyau a gindin sabara. Daga nan abin ya bi baki da baki. A ganina, abin da ya fi komai tasiri shi ne sassaucin da hukuma ta yi, har dokar daji ta 2004 ta ƙara wa jama'ar karkara iko a kan itatuwansu, kuma ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitocin tsaro don hana satar itace. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna daga baya cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood.

A wannan shekara ta 2018 ne kuma wani bincike da aka yi a Senegal ya nuna cewa saiwar sabara na jawo ruwa daga can ƙasa cikin dare, geron da ke kusa da ita ya sha.

Shekara uku ke nan da na hana a tono sabara a gonar da na gada. Ƙanena da ke noma ta ya ce maƙwabta na yi masa gori da ƙazamar gona, saboda haka muka raba ta biyu, gabas da sabara, yamma fes. Bara, lokacin da ruwa ya ɗauke cikin watan Yuli, ya aiko mini cewa geron gabas bai lanƙwashe ba.