Farin Jini a Matsayin Jari: Nazari kan Cinikin Citta a Kudancin Kaduna

Farin jini jari ne a duk kasuwar da ake ƙulla ciniki da fatar baki, ba a rubuce ba. Cinikin citta a kudancin Jihar Kaduna, daga Kaciya da Kwoi zuwa Kafanchan da Zonkwa da Fadan Kaje a ƙasar Bajju, yana cikin irin wannan kasuwa. Tun da layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, yankin ya zama matattarar fatake masu harsuna da addinai daban-daban, Hausa kuma ta zama harshen ciniki.

Manomi yakan shuka citta da farkon damina, ya haƙe ta bayan ɗaukewar ruwa, a tsaga ta, a shanya ta cikin iskar hunturu. A tsawon watannin nan yana bukatar kuɗin taki da na ƙwadago, don haka sau da yawa yakan karɓi kafin alƙalami daga dillali. Shi ma dillali yakan ɗauki buhuna bashi, sai babban mai saye ya biya shi sannan ya sallami manomi. Kowane ɓangare na iya cutar ɗan'uwansa: a cusa tsakuwa ko ɗanyar citta a tsakiyar buhu, ko a danne sikeli. Saboda haka mutum ake saye kafin a sayi kaya. Dillalin da ke sauka daga babur ya gaida dattawa da harshen Jju na Bajju, ya tambayi mai jiki, ya halarci biki da zaman makoki, shi ake ajiye wa kaya ko da wani ya ɗan ɗara shi farashi. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Binciken masana ya ƙarfafa wannan. A 1969 Abner Cohen ya nuna yadda cinikin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan ya dogara ga sunan maigida, domin shi ke tsaya wa baƙo a kan bashi. Anthony Kirk-Greene kuwa, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, ya sanya gaskiya da amana da haƙuri cikin siffofin da Bahaushe ke auna mutum da su. A fagen aikin ofis, Tiziana Casciaro da Miguel Sousa Lobo sun wallafa a 2005 cewa ma'aikata sun fi zaɓar abokin aiki mai daɗin mu'amala, ko da ƙwarewarsa ba ta kai ba, a kan gwani mai baƙin hali. Dalilin a fili yake: ilimin da ake tsoron zuwa tambaya ba ya amfanar kowa.

A kudancin Kaduna al'amarin ya fi haka nauyi. Rikicin Zangon Kataf na 1992 ya samo asali ne daga takaddamar sauya wa kasuwa mazauni, a watan Afrilun 2011 kuma an ƙone kasuwar Kafanchan. Inda zargi ya shiga tsakanin al'ummomi, ɗan kasuwar da ɓangarorin biyu suka yarda da shi yakan zama hanyar da kaya da kuɗi ke ci gaba da bi, kuma abin takaici ne yadda ba a cika lissafa wannan aiki nasa ba.

Sai dai fara'a kaɗai ba ta riƙe abokin ciniki. Cutar da ta halaka gonakin citta a daminar 2023 ta bar manoma da yawa da bashin da ba su da halin biya, a nan ne aka bambance mai daɗin baki da wanda ya ɗaga wa manomi ƙafa har wata kaka. Kamfanoni da ƙungiyoyin manoma da ke ɗaukar wakilan saye ya kamata su binciki sunan mutum a ƙauyukan da zai yi aiki, kamar yadda suke duba takardunsa.