Rediyon Feda da Likitocin Dajin Ostiraliya

A watan Mayu na 2028 ƙungiyar agajin nan ta Ostiraliya, Royal Flying Doctor Service, za ta cika shekara ɗari. Ba wuya a san abin da za a fi ɗagawa a bikin: jirgin da aka yi haya daga kamfanin Qantas, wanda ya tashi daga garin Cloncurry ranar 17 ga Mayu, 1928, da kuma wanda ya kafa ƙungiyar, Fasto John Flynn, wanda hotonsa ke kan takardar dala ashirin ta ƙasar. Flynn ya cancanci yabon. Amma masu cewa jirgi ne ginshiƙin wannan aiki sun saki reshe sun kama ganye, domin ginshiƙin shi ne yadda maganar likita ke isa ga majinyaci alhali tsakaninsu tafiyar kwana da kwanaki ce.

Labarin Jimmy Darcy ya isa hujja. A 1917 wannan makiyayi ya faɗo daga doki, aka ɗauko shi zuwa Halls Creek, garin da ba likita sai shugaban gidan waya, Fred Tuckett, mai ɗan sanin taimakon gaggawa. Tuckett ya buga wa Dakta John Holland tangaraho a Perth, nisan fiye da kilomita 2,000. Holland ya gane mafitsara ce ta fashe, ya ce a yi tiyata yanzu. Da wuƙar aljihu da reza Tuckett ya yi ta, yana yanka yana tsayawa jiran umarni na gaba ta waya. Holland ya kamo hanya ta jirgin ruwan dakon shanu, da mota, da keken doki, kusan mako biyu, ya iso ya tarar Darcy ya rasu kwana ɗaya kafin isowarsa.

Masu fifita jirgi a nan suke kafa hujjarsu: da akwai jirgi, da likita ya iso da wuri. Gaskiya ne, kuma ba mai cewa murya za ta maye gurbin hannun likita. Sai dai da Holland ya duba gawar ya samu aikin Tuckett ya yi kyau, zazzaɓin cizon sauro ne ya ci ƙarfin Darcy. Sannan wa zai kira jirgin? Gidajen makiyaya ba waya ba lantarki, kuma jirgin da ba a sanar da shi ba, zai kwana a filinsa ne ko da mutum na cikin magagin mutuwa.

Wannan matsala ce Alfred Traeger, matashin injiniya daga Adelaide, ya warware. Ya ƙera rediyon da ake ba wa wuta da ƙafa: mace na zaune tana taka feda kamar tela a kan keken ɗinki, hannuwanta na buga saƙon Morse. An kafa na farko a Augustus Downs a 1929. Da ya ga koyon Morse na wahalar da mutane, sai ya haɗa musu allon haruffa mai juya rubutu zuwa saƙo, kafin murya ta zo daga baya. A 1942 aka fara rarraba akwatunan magani masu lambobi, ta yadda likita zai ce a ba da lamba kaza sau kaza, a 1951 kuma Sista Lucy Garlick ta zana taswirar jikin mutum mai lambobi don majinyaci ya faɗi inda ke masa ciwo. Ciwuka masu yawa a nan suka ƙare, ba jirgin da ya tashi.

Akwai tabo da bai kamata bikin ya rufe ba. Dakta Charles Duguid ya zargi Flynn da mishan ɗinsa da yin sakaci da 'yan asalin ƙasar, zargi mai nauyi idan aka tuna galibin rediyon a gidajen Turawa masu garke aka kafa su. Flynn ya rasu a 1951, aka ƙara wa ƙungiyar laƙabin Royal a 1955, a yau kuma tarho da intanet ke ɗaukar kiran.